Darasi na 12: Ƙirar Wuƙa a Maƙerar Gida

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. ambaton sunayen kayan aikin maƙeri;
2. bayyana matakan ƙera wuƙa bi da bi;
3. faɗin dalilin da ya sa wata wuƙa take riƙe kaifi, wata kuwa take saurin dakushewa;
4. gane kalmomin da ake ginawa da ɗafa-goshin *ma-*.

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan da babu wuƙa a cikinsa. Da ita uwargida take yanka albasa da kuɓewa, da ita mahauci yake feɗe akuya, da ita kuma baduku yake yanka fata. Amma idan aka ajiye sababbin wuƙaƙe biyu masu tsawo ɗaya da sheƙi ɗaya, ido ba zai iya raba ta ƙwarai da ta banza ba. Sai an yi kwanaki ana aiki da su sannan bambanci yake fitowa. Ɗaya tana nan da kaifinta, ɗayar kuwa ta dakushe, ko kuma bakinta ya ɓantare. A wannan darasi za mu leƙa ƙaramar maƙera, irin wadda ake samu a ƙofar gida a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa, domin mu ga inda wannan bambanci yake samo asali.

Ƙira a tarihi

Sarrafa ƙarfe daɗaɗɗen abu ne a Nijeriya. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono ragowar tanderun da mutanen Nok suka yi amfani da shi wajen narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A Lejja, cikin ƙasar Nsukka ta Jihar Enugu, har yau ana ganin manyan dunƙulen kashin tama, wato dattin da yake saura bayan an narka ta. Mutanen Awka ta Jihar Anambra sun yi suna wajen ƙira, Nufawan Bida kuma sun shahara da aikin tagulla. A Kano, tarihin baka ya nuna cewa mutanen farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala maƙera ne da suka zo daga Gaya suna neman tama. Zuriyarsu ake kira Abagayawa.

Hausawa sun kasa maƙera gida biyu. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda suke yin zobba da mundaye da 'yan kunne. Akwai kuma maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe. Su ne suke ƙera fartanya da garma da gatari da lauje da aska da wuƙa. A garuruwa da yawa akwai Sarkin Maƙera, wanda yake shugabantar masu sana'ar.

A da, sai an haƙo tama an narka ta kafin a sami ƙarfen ƙira. Aiki ne mai wuya, mai cin gawayi da lokaci. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, ƙarfen Turai ya yawaita a kasuwanni, daga baya kuma tsofaffin motoci suka ƙara samar da shi. Sannu a hankali aka bar narka tama. A yau maƙeri yana sayen tsohon ƙarfe ne ya mayar da shi sabon abu.

Maƙera da kayan aikinta

Maƙerar gida ba ta buƙatar babban fili. Sau da yawa rumfa ce a ƙofar gida, ko wani sashe na zaure. A zaune maƙeri yake aiki, kayansa duka suna inda hannunsa zai kai. A gabansa akwai uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfe mai nauyi wanda aka kafa a ƙasa, a kansa ake dukan ƙarfe. A gefe akwai ramin wuta cike da gawayi. Bayan ramin kuma yaron maƙeri yana zaune yana zuga.

Zugazugin gargajiya da fatar akuya ake yin su, guda biyu. Mai zuga yana ɗaga ɗaya yana danna ɗaya, iska tana bi ta bututu zuwa cikin gawayi ba yankewa. Wasu maƙera sun sauya su da fanka wadda ake juyawa da wilin keke. Sauran kayan aiki su ne masaba da guduma na dukan ƙarfe, da awartaki na riƙe shi idan ya yi zafi, da kurfi na datsa shi, da magagari na goge shi, da kaskon ruwa.

Ba kowane gawayi ne yake yi wa maƙeri ba. An fi son na itacen ƙirya, domin yana da nauyi, yana ba da zafi sosai, kuma ba ya saurin zama toka. Haka nan ba don gudun rana kaɗai maƙeri yake zama a inuwa ba. A cikin hasken rana ba a ganin ainihin launin ƙarfe mai zafi, alhali kuwa launin nan shi ne ma'aunin zafin da maƙeri yake da shi.

Zaɓen ƙarfe

Kyan wuƙa yana farawa ne tun kafin a hura wuta. Ƙarfe iri-iri ne, kuma babban abin da yake bambanta shi shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsa. Wannan sinadari shi ne ya fi yawa a jikin gawayi. Idan kabon ya yi kaɗan ƙwarai, kamar a ƙusa ko langa-langa, ƙarfen ba zai yi tauri ba ko da an tsoma shi a ruwa sau goma. Idan kuma ya wuce kashi 2 cikin 100, kamar a ƙarfen da ake narkawa a zuba, sai ya farfashe da zarar masaba ta sauka a kansa. Wanda ya dace da wuƙa yana da kabon kimanin kashi 0.6 zuwa kashi 1 cikin 100.

Saboda haka maƙera suke neman tsohon sifirin na mota da tsohon magagari, domin da irin wannan ƙarfe aka yi su. Maƙeri ba shi da na'urar auna kabon, amma yana da dabararsa. Yakan datsi ɗan guntu, ya gasa shi ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, sannan ya goga masa magagari. Idan magagarin ya ci ƙarfen, to, ba na wuƙa ba ne. Idan ya zame a kansa bai ci ba, an dace. Yakan kuma duba sifirin ɗin da kyau, domin wanda ya daɗe yana ɗaukar kaya a munanan hanyoyi yakan ɓoye tsaga a jikinsa. Tsagar da ba a gani ba a yau ita ce za ta karya wuƙa gobe.

Wuta da duka

Da farko maƙeri zai datsi ƙarfe daidai girman wuƙar da yake so. Sai ya cusa shi cikin gawayi, yaro ya kama zuga. Yayin da zafi yake ƙaruwa, launin ƙarfen yana sauyawa. Yakan fara da ja mai duhu, ya koma ja wur, sannan ruwan goro, sannan ruwan ɗorawa. Idan ya kai ruwan goro ko ruwan ɗorawa, zafinsa ya kai wajen digiri 1,000 na ma'aunin Selshiyos, ya yi laushin da za a iya sarrafa shi. Idan aka yi sakaci har ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone ke nan, ba zai ƙara yin wuƙar kirki ba.

Maƙeri zai zaro shi da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya shiga duka. Yakan fara fitar da tsini, sannan ya bi gefe ɗaya yana sirantar da shi domin ya zama baki. Yayin da bakin yake sirancewa, ƙarfen yana baje wa ta wannan gefe, sai wuƙar ta riƙa lanƙwashewa ta baya. Don haka dole ya riƙa juya ta yana miƙar da ita. A ɗaya ƙarshen kuma zai ja ƙarfen ya yi siririn gindi wanda zai shiga cikin ƙota.

Da zarar jan ya fara dushewa, maƙeri zai daina duka ya mayar da ƙarfen wuta, domin dukan ƙarfen da ya huce yana jawo tsaga. Daga nan Hausawa suka sami karin maganar da ke cewa, "Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe." Wuƙa ɗaya takan shiga wuta sau da yawa kafin siffarta ta fito. Idan ta fito, sai a binne ta cikin toka mai ɗumi ta huce a hankali. Wannan yana sa ta yi laushi, magagari ya iya cin ta. Maƙeri zai goge ta ya daidaita ta, amma ba zai fitar da kaifi ba tukuna. Zai bar bakin da ɗan kauri, kimanin milimita 1, domin baki mai siranta da yawa yakan tsage ko ya karkace a mataki na gaba.

Ban ruwa

Har zuwa nan abin da ke hannun maƙeri siffar wuƙa ce kawai. Idan aka wasa ta za ta yi kaifi, amma ba za ta riƙe shi ba. Matakin da zai mayar da ita wuƙa ta gaske shi ake kira ban ruwa, kuma a nan ne ake gane gwani.

Maƙeri zai mayar da ita wuta, yana jan ta gaba da baya domin zafi ya game ta daidai daga gindi zuwa tsini. A wannan karo ba ya son ruwan goro. Ja wur yake nema, wato wajen digiri 800. Masana kimiyya sun gano cewa ƙarfe yana daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai digiri 770, shi ya sa wasu masu ƙira suke gwada shi da mayen ƙarfe. Tsohon maƙeri kuwa idonsa ya ishe shi. Da launin ya yi daidai, sai ya zaro wuƙar ya tsoma ta cikin ruwa ko mai, ba tare da ɓata lokaci ba. Hucewar gaggawa tana hana kabon komawa yadda yake a da, sai ya maƙale a jikin ƙarfen, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai. Ruwa ya fi mai saurin sanyaya ƙarfe, amma ya fi shi haɗari. Wani lokaci akan ji 'yar ƙara daga cikin kasko, alamar wuƙa ta tsage, aikin yini ya tashi a banza.

Wuƙar da ta fito daga ruwa lafiya tana da tauri, amma taurin nan irin na gilashi ne. Idan ta faɗi a kan dutse tana iya karyewa. Saboda haka sai an rage mata tauri kaɗan. Maƙeri zai goge jikinta ya yi haske, sannan ya kara bayanta kusa da garwashi yana kallo. Wasu launuka za su fara tafiya daga baya zuwa baki. Na farko kamar launin busasshen kara yake, yana bayyana a wajen digiri 220. Bayansa sai ruwan ƙasa, sannan shuɗi a wajen digiri 300. Idan launin kara ya isa baki, sai ya sake tsoma ta a ruwa domin ya tsayar da zafin a nan.

Ka ga ke nan maƙeri yana tafiya ne tsakanin kuskure biyu. Idan tauri ya yi yawa, baki zai riƙa ɓantarewa. Idan laushi ya yi yawa, baki zai riƙa naɗewa yana dakushewa. Matsayin da ya dace kuma ya danganta da aikin da za a yi. Askar wanzami tana buƙatar tauri sosai, domin gashi take yanka. Addar manomi kuwa tana buƙatar ɗan laushi, domin itace take sara. Wuƙar mahauci tana tsakanin biyun. Shi ya sa maƙerin kirki yakan tambayi mai saye abin da zai yi da wuƙa kafin ya miƙa masa.

Ƙota da kube da washi

Wuƙa ba aikin mutum ɗaya ba ce. Ƙotarta akan sassaƙa ta da itace mai ƙwari, kamar ƙirya ko marke, wani lokaci kuma da ƙaho. Akan huda ƙotar a cusa gindin wuƙar a ciki, ko kuma a tsaga itacen biyu a haɗa shi da ƙusoshi. Baduku shi ne yake ɗinka kube da fata, domin ya kare kaifin wuƙa, ya kuma kare mai ita. Daga ƙarshe sai washi. Akan jiƙa mawashi da ruwa, a kwantar da wuƙar kaɗan, a riƙa goga gefe ɗaya sannan ɗayan har kaifi ya fito. Masu wasawa da injin gurza suna yin hattara, domin idan bakin ya yi zafi har ya zama shuɗi, ban ruwan da aka sha wahala a kansa ya lalace.

Halin da sana'ar take ciki a yau

A shekarar 1913, wani mutumin Ingila mai suna Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a garin Shefil. Sirrinsa shi ne sinadarin kuromiyam, wanda akan sa aƙalla kashi 10.5 cikin 100. A yau wuƙaƙen irin wannan ƙarfe, waɗanda ake yi a masana'antu, sun cika kasuwanninmu. Suna da sheƙi, ba sa tsatsa, kuma akwai masu araha. A cikinsu akwai nagari, amma da yawa daga cikin masu arahar ba sa daɗewa da kaifi. Wuƙar maƙeri kuwa tana tsatsa idan aka bar ta a jiƙe, sai dai tana da sauƙin wasawa, kuma idan ta lalace ana iya mayar wa maƙeri ya gyara. Wannan ne ya sa mahauta da dukawa da yawa ba su rabu da ita ba. Kasuwarta takan buɗe sosai gab da Babbar Salla, lokacin da magidanta suke shirin layya, domin addinin Musulunci ya yi umarni a wasa wuƙa kafin yanka don kada dabba ta wahala.

Duk da haka, sana'ar tana fuskantar matsaloli. Itacen ƙirya yana raguwa saboda yawan sara, gawayi yana ƙara tsada. Tsohon ƙarfe ma ya yi daraja, domin 'yan gwangwan suna saye suna kai wa masana'antun narka ƙarfe. Babbar matsalar kuwa ita ce ta magada. Ƙira sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da zuga, ya yi shekaru yana kallon wuta kafin a ba shi masaba, ya ƙara wasu kafin a yarda ya yi ban ruwa. A wajen zugar nan idonsa yake koyon bambanta ja da ja. Littafi zai iya gaya maka cewa digiri 800 ake nema, amma ba zai iya nuna maka launin a cikin rumfa da hantsi ba. Idan maƙeri ya tsufa babu yaro a bayan zugazuginsa, za a gaji masabarsa da uwar maƙerarsa, amma sanin da ke idonsa ba za a same shi a cikin kayan gado ba.

Tattaunawa: A maƙera

*Wani saurayi ya zo sayen wuƙa wurin wani dattijon maƙeri.*

Saurayi: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba.

Maƙeri: Wa alaikumus salam. Yawwa, sannu samari. Ina gajiya?

Saurayi: Ba gajiya. Baba, mahaifiyata ce ta aiko ni in saya mata wuƙa.

Maƙeri: Madalla. Wane aiki za ta yi da ita? Kayan miya ko nama?

Saurayi: Duka biyu. Wani lokaci ma har ƙashi take sarawa da ita.

Maƙeri: A'a, ɗana, ƙashi ba aikin wuƙa ba ne. Ka gaya mata ta sa gatari ko adda. Ungo wannan, ka ji nauyinta a hannu.

Saurayi: Ta zauna a hannu sosai. Amma Baba, ba ta da sheƙi kamar na kanti.

Maƙeri: Ai ba sheƙi ne yake yanka ba. Da sifirin na yi ta, ni na ba ta ruwa da hannuna.

Saurayi: Nawa ce?

Maƙeri: Naira 3,000, har da kube.

Saurayi: A yi mini ragi, Baba. Na saya 2,000.

Maƙeri: Albarka. Gawayi ya yi tsada. Kawo 2,500 don darajar mahaifiyarka.

Saurayi: To, na gode. Yaya za a yi kada ta yi tsatsa?

Maƙeri: In an gama aiki a wanke ta, a goge ta ta bushe, a shafa mata ɗan man gyaɗa. Kada a sa ta a wuta, kada kuma a bar ta inda yara za su kai. In ta dakushe ka kawo mini.

Saurayi: In sha Allahu. Allah ya ƙara girma, Baba.

Maƙeri: Amin. Ka gai da gida.

Sababbin kalmomi

- tama: dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe.
- uwar maƙera: ƙarfe mai nauyi wanda ake dukan wani ƙarfe a kansa.
- masaba: babbar gudumar maƙeri.
- awartaki: abin da ake kama ƙarfe mai zafi da shi.
- kurfi: ƙarfe mai baki wanda ake datsa wani ƙarfe da shi.
- magagari: ƙarfe mai kaushi na goge ƙarfe.
- zugazugi: jakar fata ta hura wa wuta iska.
- tsini: ƙarshen abu mai suka.
- dakushe: rasa kaifi.
- ɓantare: wani ɗan yanki ya karye ya fita.
- ƙota: wurin da ake riƙe wuƙa ko fartanya ko gatari.
- kube: gidan wuƙa ko takobi.
- mawashi: dutsen wasa wuƙa.
- magada: waɗanda suke karɓar abu daga iyayensu.

Nahawu: Ɗafa-goshin *ma-*

A cikin wannan darasi mun ga kalmomi da yawa da suka fara da *ma-*. Akan liƙa wannan ɗafa-goshi a gaban aikatau domin a samar da suna iri uku.

1. Sunan mai yin aiki: ƙera, maƙeri, saƙa, masaƙi, rina, marini, jeme, majemi. Jam'insu yana ƙarewa da *-a*: maƙera, masaƙa, marina, majema.
2. Sunan wurin da ake yin aiki: maƙera, masaƙa, marina, majema.
3. Sunan abin da ake yin aiki da shi: buɗe, mabuɗi, wasa, mawashi, riƙe, mariƙi, duba, madubi.

Lura da cewa jam'in masu aiki da sunan wurin aikinsu rubutunsu ɗaya ne. A baki, karin sauti ne yake raba su. Idan ana nufin mutane, gaɓar tsakiya tana sauka ƙasa. Idan ana nufin wuri, dukkan gaɓoɓin suna sama. A rubuce kuwa, sauran kalmomin jimla ne suke nuna ma'ana:

- Maƙera sun tafi kasuwa. A nan mutane ake nufi.
- Maƙera ta cika da hayaƙi. A nan wuri ake nufi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin maƙeran fari da maƙeran baƙi?
2. Me ya sa aka bar narka tama a ƙasar Hausa?
3. Kawo dalilin da ya sa maƙeri yake aiki a inuwa.
4. Yaya maƙeri yake gwada ƙarfe ya san ya dace da wuƙa?
5. Me yake faruwa idan ƙarfe ya yi fari yana tartsatsi a cikin wuta?
6. Me ya sa ake rage wa wuƙa tauri bayan an tsoma ta a ruwa?
7. Don me ban ruwan aska ya bambanta da na adda?
8. Kawo matsaloli uku da sana'ar ƙira take fuskanta a yau.

Cike gurbi

Zaɓi kalmar da ta dace daga cikin waɗannan: kube, awartaki, toka, ƙirya, baduku.

1. Maƙeri yana kama ƙarfe mai zafi da ________.
2. Gawayin ________ ya fi ba da zafi.
3. Akan binne wuƙa cikin ________ domin ta huce a hankali.
4. ________ ne yake ɗinka ________ da fata.

Aikin nahawu

Faɗi ko mutane ake nufi ko wuri a kowace jimla:

1. Marina tana bayan ganuwa.
2. Majema sun shanya fatu.
3. Masaƙa suna jiran zare.
4. Mahauta ta yi nisa da gidanmu.

Jinga

1. Bayyana ma'anar karin maganar nan, "Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe," sannan ka kawo misali ɗaya daga rayuwar makaranta.
2. Tare da izinin iyayenka, ziyarci wani maƙeri a garinku. Tambaye shi sunayen kayan aikinsa biyar a harshenku, ka rubuta su tare da takwarorinsu na Hausa.
3. Rubuta sakin layi biyu a kan yadda ake yin wata sana'ar hannu da ka sani. Yi amfani da *da farko*, *sai*, *sannan* da *daga ƙarshe* wajen jera matakan.